Ƙotar da Oom Stoffel Ya Sassaƙa

Richards Bay,
3 ga Yuni, 1998

Zuwa ga Oom Stoffel,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da tumakinka da tsohon karen nan da ba ya barin ƙofar ɗakin aikinka. Yaya gwiwar? Kunnen kam ba sai na tambaya ba, shi ya sa ma nake rubutu. Ranar da na buga waya gonar, minti goma na yi ina ihu a ofishin mutane, kai kana ta cewa "Wa ke magana?" Ni lafiyata lau, sai aikin tashar jiragen ruwa da ba ya ƙarewa.

Oom, baffana, na yi ɓarna. Bindigar Baba ta faɗi. Ran Asabar a filin harbi na jingina ta da tebur, abin da kai da marigayi Baba kuka hana ni tun ina 'yar shekara tara. Iska ta ture jakata, jakar ta ture ta. Ƙotar ta tsage daga wuya har kusa da kunama. Bututun da madubin saiti ba abin da ya same su, na sa an duba. Amma na zauna a ƙasa na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba.

Ga abin da ya sa hankalina ya tashi. Ranar 10 da 11 ga Oktoba za a yi gasa a Bloemfontein, kuma a nan za a ɗauki mata huɗu na tawagar ƙasa. Cikin dabbobin ƙarfe arba'in da ake jera mana, ina kayar da talatin da biyu zuwa da huɗu a tsaye. Kaji da aladu ba sa ba ni wahala, talo-talo sun fara jin tsorona, ragunan mita ɗari ma sun san ni. Da wannan makin ina cikin huɗun. A Janairu kuwa kamfani zai tura ni Beira shekara uku, kuma bindiga ba ta tsallake iyaka. Idan ban sa koriyar kwat ɗin 'yan tawagar ƙasa bana ba, ba zan ƙara samun hanya ba. Kai ka fi kowa sanin sau nawa Baba ya neme ta bai samu ba.

Hanya biyu ce a gabana. Abokiyar harbina, Devi Moodley, tana da wata ƙota a ajiye, irin ta zamani da ake zubawa da zaren gilas da gam. Muninta ya kai muni, amma ba ruwanta da rana ko damina, kuma ta hau bindigata daidai. Ko kuma kai ka yi mini ta katako mai falle-falle, irin wadda kake mannewa da hannunka. Gaskiya zuciyata tana wajenka, amma ina tsoron lokaci. Na haɗo maka tsagaggiyar don ka ɗauki awo. Ka faɗa mini gaskiya wadda ta fi.

'Yar ƙaninka,
Rentia

Gonar Skaapkuil, Victoria West,
19 ga Yuni, 1998

Rentia 'yar Gawie,

Na samu takardarki da gawar ƙotar. Lafiyata ƙalau. Gwiwa tana nan tana tsiyarta, kunne kuma ya yi ritaya ya bar ni. Ruwan sama rabonmu da shi tun Fabrairun bara, tumaki sun koma lasar duwatsu.

Jingina bindiga da tebur! Da Gawie na da rai da kin sha faɗan da sai kin gwammace duka. Ni ba zan yi miki faɗa ba, kukan da kika yi ya isa.

Amma batun roba, wannan sai na yi magana. Bindigar ƙanina za ki sa wa bokitin wanka? Ki gaida mini ƙawarki, ki ce na gode, ta ajiye abarta ta riƙa tare ƙofa da ita. Mai harbi a tsaye nauyi yake bukata, nauyin da ke zama a tafin hannu ya kwanta. Robar nan fanko ce, bugun zuciyarki ma sai ta kai shi bakin bututu.

Na riga na fara. Falle talatin da ɗaya na yanka, kowane na juya jijiyarsa ta saɓa da ta ɗan'uwansa, yadda in wannan ya so lanƙwasa wancan zai riƙe shi. Suna cikin matsi yanzu, kwana tara za su yi. Bayan sassaƙa zan shafa mai sau tara da tafin hannuna. Cikin kwarin da bututu ke kwanciya kuwa ba na shafa komai. Haka kakanki ya koya mana, katako yana bukatar wurin shan iska. Shekara arba'in da ɗaya ina wannan aiki, ƙota ta haura ɗari biyu, daga nan har Upington, ko ɗaya ba a taɓa dawo mini da ita ba.

In ta iso ki ɗaura, ki zura takarda tsakanin bututu da katako. Za ta wuce har gindi ba ta taɓa komai ba. Bututun da ba ya taɓa katako shi ne ke faɗin gaskiya.

Kwat ɗin nan za ki sa ta. Ni na faɗa.

Oom Stoffel

Richards Bay,
29 ga Yuli, 1998

Oom,

Gaisuwa da godiya, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ta iso! Na buɗe kwalin a tsakar ɗaki, warin man nan ya bugi hancina, sai na ji kamar ina tsaye a ɗakin aikinka. Na gode da biltong, busasshen naman nan da ka cusa a gefe, a tsaye na cinye sanda biyu.

Takarda ta wuce sumul har gindi, yadda ka ce. Ran Asabar na kayar da talatin da biyar, abin da ban taɓa yi ba. Raguna tara cikin goma! Devi ta juya ƙotar tana shafawa, ta ce, "Wannan ai ba ta harbi ba ce, ta ratayewa a falo ce, ki ce wa tsohon ko yana neman mata." Na ce mata ai ba zai ji tayin ba ko da lasifika aka yi.

Oom, na daɗe ban yi farin ciki irin na makon nan ba.

Rentia

Richards Bay,
24 ga Agusta, 1998

Zuwa ga Oom Stoffel,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kuma an samu ko yayyafi. Mu nan kwana goma ke nan sama ba ta ɗauke ba. Ka yi haƙuri, ragowar biltong ɗinka fumfuna ta cinye shi cikin kwana biyar, sai zubarwa na yi. Haka garin nan yake, takalmi ma in ka manta da shi a kabad kore za ka tarar da shi.

Na rubuta takardar nan sau uku ina yagawa, don ban san yadda zan faɗa maka ba. Bindigar ta fara ƙarya. Makon farko na Agusta harsashi ya fara hawa sama da hagu. Na gyara saiti, ya zauna kwana biyu, ya sake tashi. Na canza kwalin harsashi, na ƙara ɗaure kusoshi, na ba Devi ta harba da hannunta, duk abu ɗaya. Makin da na samu ran Asabar biyun nan ashirin da bakwai ne da ashirin da shida. Ragunan suna tsaye suna kallona.

Jiya na zura takardar. Oom, ba ta wuce ba. Ta cije a gefen dama, kamar taƙi ɗaya daga baki. Katako yana taɓa bututu.

Devi ta ce a duk ƙungiyarmu ba mai ɗaukar katako yanzu, duk wanda ke harbi a bakin teku ya koma ɗaya ƙotar. Mai gyaran bindigogin ƙungiya kuma ya ce in ba shi ya bi cikin kwarin da samfefa, ya rage wurin, ya shafe shi da abin toshe katako. Ban yarda ba, na ce aikin Oom ne, sai na tambaya. To ga shi ina tambaya. In bari ya goge? Ko in ɗaura ta Devi zuwa bayan gasa? Saura mako bakwai, kuma takarda tsakanina da kai tana cin kwana goma. Don Allah ka amsa da wuri, barci ya fara gagara ta.

Rentia

Gonar Skaapkuil,
9 ga Satumba, 1998

Rentia,

Na samu. Lafiya lau, ba ruwa, ba labari.

To, a ƙungiyarku ba mai ɗaukar katako. Na ji. Ashe kunya na ba ki a gaban mutanen birni, da ma tun farko kin faɗa da ban ɓata wata guda ina tsaye a kan gwiwa ɗaya ba.

Falle talatin da ɗaya ba sa motsi. Don kada su motsa aka yi su falle-falle. Wanda ya ce miki katakona ya kumbura, ki tambaye shi ƙota nawa ya taɓa sassaƙawa. Ko kin ɗaure kusar gaba fiye da kima, ko kin kwantar da bindigar a kan wani abu a mota, ko kuma, ki yi haƙuri da ni, hannunki ne ya fara rawa saboda gasa ta matso. Gawie haka yake. A gida ba mai kama ƙafarsa, da an ce Bloemfontein sai ya fara zargin harsashi da iska da rana. Ban taɓa faɗa masa ba, ke ina faɗa miki don ki gyara.

Samfefa kuwa, kada wani ɗan gyaran famfo ya kuskura ya taɓa mini aiki. Ban yarda ba.

Ke ba yarinya ba ce, bindiga kuma taki ce. Ki yi abin da kika ga dama. Idan kin cire ta, ki aiko mini da ita.

Stoffel Swanepoel

Richards Bay,
21 ga Satumba, 1998

Oom,

Ina fata kana lafiya. Ni ma lafiya.

Na karanta, kuma na gane. Ba ka taɓa sa mini cikakken sunanka a ƙarƙashin takarda ba sai wannan karon, kamar ka rubuta wa banki. Kuma ka ce in na cire ta in mayar maka da kayarka. Ba sai ka ƙara bayani ba.

Tun da Baba ya rasu ba ni da wanda ya rage a wancan gefen sai kai. Ba zan sayar da kai a kan kwat ba. Ba zan cire ta ba, ba mai goge ta, da ita zan je Bloemfontein. Kwana goman nan ta ɗan zauna wuri ɗaya, na yi saiti a inda ta tsaya, na dawo talatin da ɗaya. Devi ta ce ba ni da hankali, mun yi kwana biyu ba ma magana.

Amma maganar da ka yi a kan Baba ta yi mini ciwo, kuma ba zan ɓoye ba. Hannuna ba ya rawa.

Ba sai ka amsa ba.

Rentia

Victoria West,
Juma'a, 2 ga Oktoba, 1998

Rentia 'yata,

A tsaye nake rubuta wannan a kan kantar shagon Tannie Hettie, ki yi haƙuri da rubutun. Lafiyata lau. Yau na shigo gari bayan mako uku, askin tumaki ya riƙe ni, yanzun nan na buɗe akwatin wasiƙu na ga takardarki.

Ki cire ƙotar nan. Ki cire ta yau. Ki ɗaura ta ƙawarki.

Ke ce da gaskiya. Bayan na aika miki waccan takardar ta rashin kunya, maganar biltong ɗin ta ƙi barin kaina. Ni a nan ina rataye nama wata shida ba abin da ke samunsa. Na ce wane irin gari ne wannan da ke cinye nama a kwana biyar? Sai na ɗauko guntun da ya rage daga katakonki, na shafe bayansa da mai na bar cikinsa tsirara yadda nake yi, na auna shi, na naɗe a jiƙaƙƙen buhu na rataye a kan kwamin shan ruwan tumaki. Bayan kwana goma sha biyu na sake aunawa. Ya tashi da kaurin takarda uku, kuma duk ta wajen da ban shafa ba ya sha. Shekara arba'in da ɗaya ba a dawo mini da ƙota ba saboda duk masu sayena a busasshiyar ƙasa suke. Ban taɓa aika ko ɗaya bakin teku ba sai taki. Ni ina ta fahariya, ashe bushewar ƙasarmu ta Karoo ce ke rufa mini asiri.

Ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Na ciro guntun na ajiye a inuwa, cikin kwana biyu ya fara komawa, kuma ba a miƙe yake komawa ba. Bloemfontein a bushe take kamar nan. Saitin da kika yi a kan kumburarren katako ba zai kai ki Lahadi ba. Kina tsakiyar gasa ƙotar za ta saki bututun.

Da na ce ki aiko mini da ita, so nake in gan ta da idona in auna. Kullum ina zaton kin cire, ina jiran kwali. Ban ce ki mayar mini da kayata ba, yarinyar nan, yaushe na taɓa karɓe abin da na ba ki? Sunan kuma haushi ne ya rubuta shi, ba ni ba.

Na sa Tannie Hettie ta buga ofishinku. Sun ce kin ɗauki hutu tun jiya, kuma ba ki da waya a gida. Ta bar saƙo. Ina roƙon Allah takardar nan ta riga ki barin gari.

Abin da na faɗa a kan Gawie, ban kyauta ba.

Oom ɗinki

Richards Bay,
15 ga Oktoba, 1998

Oom Stoffel,

Ina fata kana lafiya. Na dawo lafiya ran Litinin. Takardarka na tarar a ƙarƙashin ƙofa, maƙwabciyata ta ce ran Juma'a ta iso. Ni kuwa na bar gari ran Alhamis da asuba. Saƙon Tannie Hettie jiya na same shi a kan teburina a ofis, an danne shi da kofi.

Tunda za ka so ka sani, ga yadda aka yi. Devi ta ɗauko ƙotarta a bayan mota ba tare da ta faɗa mini ba. Ran Juma'a da yamma a masauki ta ajiye ta a kan gadona, ta ce, "Minti ashirin ne, Rentia. Kusa biyu. Tsohon yana can bayan duniya, wa zai faɗa masa?" Na ce ni zan sani. Ta ce, "To ki sani, ki kuma sa kwat." Na mayar mata da ita mota. Ran Asabar da safe aka auna bindigogi aka manna musu shaida, daga nan doka ta hana canza komai.

Asabar ta yi kyau. Talatin da uku, ina ta uku a jeri. Har na fara cewa a raina Oom ne da gaskiya, tsoro ne kawai ya dame ni.

Lahadi kaji goma suka faɗi, aladu tara. A talo-talo na ga ƙura tana tashi a ƙarƙashin ƙafafunsu, inda ban aika ba. Na ɗaga saiti, na samu biyar. Kafin a kira raguna na zura takarda a ɓoye. Ta wuce sumul har gindi, Oom, kamar ranar da ƙotar ta iso. Ta saki bututun, kuma ban san inda ta mayar da harsashina ba. Harbi goma ne kawai, ba na gwaji. Huɗu na farko na kashe su wajen neman inda take kaiwa. Na kayar da uku cikin shidan da suka rage. Ashirin da bakwai.

Jimla sittin. Ta huɗu ta samu sittin da biyu. Ni ce ta biyar. An kira su huɗu gaba aka sa musu kwat, na tafa musu har tafina ya yi zafi, sannan na shiga bayan motar Devi na yi amai.

Na karanta takardarka sau da yawa. Na yarda ba mayar maka da kaya kake nufi ba, ni na karanta da zuciya mai zafi. Amma ina fushi, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Tun ranar 24 ga Agusta na faɗa maka takarda ta cije. Ba ra'ayi na faɗa ba, gwajinka ne, kai ka koya mini shi. Ka yarda da naman da ya ruɓe, ba ka yarda da ni ba. Da ka jiƙa buhun nan kafin ka ɗauki alƙalami, da yanzu wata takarda nake rubuta maka.

Ina kuma fushi da kaina, don ni na mayar da ƙotar Devi mota da hannuna.

Rentia

Gonar Skaapkuil,
26 ga Oktoba, 1998

Rentia,

Na samu takardarki. Jikina lafiya. Ba ni da abin cewa a kan fushinki, duk abin da kika faɗa haka yake.

Akwai abin da ban faɗa miki ba. Na je Bloemfontein. Bayan na aika takardar na kasa zama, ina ta lissafin kwanaki, ya ƙi fita. Ran Asabar da asuba na ɗauki a-kori-kura, na sa magagari da gwangwanin abin toshe katako a kujerar gefe. Motar ta yi zafi sau biyu a hanya, sai bayan sha biyu na isa. Na tsaya a bayan shinge wajen da ake ajiye motoci, na ɗauko madubin hangen nesa. Na gan ki a layi na shida, na ga ƙotata a kafaɗarki da shaidar awo a manne a gindinta. Nan na san takarda ba ta same ki ba, kuma na makara.

Na ce in na fito na faɗa miki yanzu, ba abin da za ki iya canzawa, sai dai in sa miki shakka a zuciya kina tsakiyar harbi. Haka na faɗa wa kaina. Na kwana a gidan wani tsohon abokina, na dawo Lahadi na tsaya a wuri ɗaya. Na ga ƙurar nan a ƙarƙashin talo-talo. Na san ƙasa za ta riƙa kaiwa, da dama kaɗan, don haka guntun ya yi a hannuna. Kalma uku ce, da na aika wani ya raɗa miki kafin raguna, wataƙila da harbi huɗun nan ba su tafi a banza ba. Raguna uku kawai kike nema. Na riƙe hannun ƙofar motar, ban buɗe ba. Ba don ke ba ne, Rentia. Kunya ce ta hana ni, na kasa tsayawa a gaban mutanen nan in ce ni ne na yi ƙotar.

Hannunki bai yi rawa ba ko sau ɗaya. Na kalla da kyau, harbi tamanin ban da na safiyar Asabar. Ban taɓa ganin wanda ya tsaya kamar ke ba, har da ni, har da Gawie.

Da aka fara kiran sunaye na tayar da mota na tafi. Ban san ko zan ƙara samun takarda daga gare ki ba bayan wannan, amma gara ki ji daga bakina.

Oom Stoffel

Richards Bay,
6 ga Nuwamba, 1998

Oom,

Gaisuwa. Ina lafiya.

Na gan ka. Tun ran Asabar da rana na ga motar a bayan shinge, da hularka, da madubin yana walƙiya. Ran Lahadi kafin raguna sau uku ina waiwayawa, har alƙalin layi ya yi mini magana. Ba gyara nake jira ba, ban ma san kana da shi ba. So nake kawai ka fito ka tsaya a bayana.

Ban rubuta a waccan takardar ba, don ina so in ga ko za ka faɗa da kanka. Da ba ka faɗa ba, da Beira zan wuce kai tsaye.

Zan iso Victoria West ran Asabar, 19 ga Disamba, a motar yamma. Har yanzu ina fushi. Ka zo ka ɗauke ni, kuma wannan karon ka fito daga motar.

Rentia